Mota na tsatsa a nan, ƙorama na cin hanya a can



Zan fara da abin da ya same mu a gidanmu, don kada wani ya ce maganar ofis ce na ɗauko. A watan Agustan 2024, cikin damanar nan da ambaliya ta ci rayukan mutum kusan 400 a faɗin Nijar, ƙorama ta yanke hanyar burjin da ta haɗa garinmu da babbar hanya. Yankan bai da wani faɗi. In ka tsaya a wannan gefe kana iya gaisawa da na wancan gefe ba tare da ka ɗaga murya ba. Amma mota ba ta wucewa, amalanke ma sai an sauke kaya an tallabe shi. Samarin gari sun yi gayya sau biyu, da shebur da buhunan ƙasa da duwatsun da jakuna suka kawo. Duk sau biyun ruwa ya zo cikin dare ya share aikin kamar ba a yi ba.

Muka tashi wakilai, maigari a gaba, muka tafi meri. An karɓe mu da mutunci, an ba mu ruwa, an saurare mu. Amsar ita ce komin ɗinmu ba ta da motar ben, ba ta da katafila. Sai dai a yi hayar ta ɗan kwangila daga nesa, kuma kuɗin ɗauko ta kaɗai ya fi abin da ke cikin asusu. Ban zarge su da ƙarya ba, gaskiya suka faɗa mana. Muka yi godiya muka koma.

Cikin kwanakin nan ne naƙuda ta kama matar yayana, ta zo da gardama. Da amalanke muka kai ta bakin ƙorama, maza huɗu suka ɗauke ta bisa gado suka tsallaka da ita, aka jira mai moto daga wancan gefe. Tafiyar da mota ke yi cikin rabin awa ta ci mana rabin dare. Ita Allah ya tashi kafaɗunta. Abin da ta haifa bai zo da rai ba. Ajali na Allah ne, ba na jayayya da wannan. Amma sakaci namu ne, kuma a kansa nake son mu yi magana.

Bayan wata uku wata takarda ta kai ni merin wata komin maƙwabciyarmu. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba ita kaɗai ke da wannan hali ba, kuma ban zo tozarta kowa ba. Ina jiran a sa hannu, sai na zagaya bayan ginin neman inuwa. Ga motar ben tsaye ƙarƙashin bedi, awaki kwance a ƙasanta, ganye ya cika bayanta. Na gaida tsohon da ke gadi na ce, "Baba, wannan motar ta mutu ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Wagga? Lahiya tai lau injin nata, ɗana. Batir ta rasa da taya biyu. Tun da direban ya tahi, babu wanda ya sake taɓa ta."

Na ce, "To Baba, da wata komin ta zo aro, a ba ta?"

Ya ce, "Wa ya taɓa zuwa ya tamɓaya? Kuma wa ya san tana nan in ba ni da awakin ga ba?"

Tsakanin inda motar nan take da inda ƙorama ta yanke mu, mai moto ba ya cin awa ɗaya. Da mun sani, kuɗin batir da taya biyu garinmu kaɗai na iya haɗa su cikin kwana biyu, don mun haɗa abin da ya fi haka. Mutanen merinmu ba su san da ita ba. Mutanen waccan meri ba su san da halin da muke ciki ba. Ba wanda ya yi mugunta, amma an bar mutane cikin wahala.

Abin da nake son faɗa ke nan a taƙaice: kafin mu sake miƙa hannu neman sabon kaya, mu ƙidaya abin da ke kwance a harabar meri-merinmu, mu buɗe hanyar da wadda ke da shi ba ta amfani da shi za ta ara wa wadda ke buƙata, bisa ƙa'ida rubutacciya da kowa ya sani.

Mu dubi yadda muke. Madawa na da ƙananan hukumomi 6: Madawa, Azarori, Bangi, Galma, Urno da Sabon Gida. Buza na da 7: Buza, Allakai, Babban Katami, Dewule, Karofan, Tabotaki da Tama. Keita na da 4: Keita, Garhanga, Ibohaman da Tamaske. Jimla 17, kuma a ƙidayar 2012 mutanen cikinsu sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, yau kuwa sun fi haka nesa. Kowace daga cikin 17 ɗin nan na da hanyoyin burji da ruwa ke ci duk shekara, da kasuwa mai shara, da lakwal, da likita, da rijiyoyi. Babu ko ɗaya da lanho da kuɗin kasuwarta za su saya mata katafila da gireda da ben da motar ruwa, su biya direbobi, su kuma ajiye na gyara. Ko an ba ta su kyauta, aikin da take da shi ba zai cika musu shekara ba. Katafila ɗaya a komin ɗaya za ta yi aikin wata ɗaya ko biyu, sauran watannin ta kwanta, kuma inji in ya kwanta lalacewa yake yi. Roba ta bushe, batir ya mutu, tsatsa ta kama, sai kuma masu hannu su fara cire ƙananan abubuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ta ina rarar kayan ke fitowa, tunda kullum kuka muke yi da babu? Hanyoyin sananne ne. Proje ya ƙare, ya bar wa meri mota da babura da kwamfutoci. An ba komin tarakta, alhali gonakinta dutse ne ko tudun rairayi da ba sa son garmar tarakta. An sa wa shaton ruwa sola, gurup ɗin da ke tura ruwa a da ya koma kusurwa an rufe shi da buhu, alhali wata likitar CSI a komin ta gaba tana karɓar haihuwa da fitilar salula. An gina sabon aji da sabbin bencina, tsofaffin da ƙusa biyu kawai suke so aka tara su a mangaza, alhali yara a wani gari suna zaune a ƙasa cikin ajin zana. Duk wanda ya taɓa shiga harabar ma'aikatu a ƙasar nan ya ga irin wannan da idonsa.

Mu mutanen Adar bai kamata a koya mana wannan darasi ba, don mun gan shi a aikace. A 1984, bayan farin da ya tagayyara mu, aka fara Proje Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, PAM na ba da abinci a madadin aiki. Iyayenmu mata su ne mafi yawan ma'aikatan, su suka ɗauki duwatsu bisa kai aka yi gandari da madatsun ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka farfaɗo da dubban hektoci na faƙo da aka yanke wa ƙauna. Amma hannu kaɗai bai yi aikin ba. Akwai katafiloli da taraktocin da ke tsaga faƙo, da kamiyoyin da ke kai duwatsu inda ake so. Injinan nan wuri guda aka tara su, da garaji guda, da masu gyara, kuma aiki suke bi duk inda yake. Yau suna wannan kwari, gobe suna wancan tudu, daga baya aikin ya faɗaɗa har ƙasar Buza da Abalak. Ba wanda ya ce katafilar wannan gari ba ta shiga wancan. Da a ce an raba injinan gari-gari tun ran farko, kowa ya kulle nasa, da rabin abin da muke alfahari da shi yau bai samu ba.

Haka ma layukan bedin da aka fara dasawa a kwarin Magiya tun 1975 don karya iska, da taimakon ƙungiyar CARE. Sun ratsa gonakin mutane da yawa da garuruwa da yawa, don iska ba ta tambayar gonar wa ce. Ruwa ma haka. Magiya daga tuddan Buza take tasowa, ta gangara ƙasar Konni har tabkin Kalmalo a Najeriya. Tarka ta ratso ta Karofan da Madawa da Sabon Gida. Ƙoramar da ta yanke hanyarmu, ruwanta daga dutsen wata komin ya sauko. Albasar da aka noma a wata komin, a kasuwar wata ake sayar da ita, bisa hanyar da ta ratsa ta uku. Matsalolinmu a haɗe suke, kayan aikinmu ne kawai muka raba muka sa wa katanga.

A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a faɗin ƙasa, aka ce an kawo mulki kusa da talaka. Abu ne mai kyau, ni ina cikin masu goyon bayansa. Sai dai mun fahimce shi da wani kuskure, kowace meri ta ɗauki kanta kamar ƙasa mai iyaka da tuta. Alhali dokar kanta ba ta ce haka ba. Kundin dokokin ƙananan hukumomi, wato doka mai lamba 2010-54 ta ranar 17 ga Satumba 2010, ya ba su damar haɗa kai su yi aikin da ya shafe su tare. Tsarin Gidan Manomi da aka fito da shi ƙarƙashin shirin 3N ma ya tanadi wurin gyara da hayar kayan noma a cikinsa. Ke nan tunanin yana cikin takardunmu tuntuni. Aiwatarwa ce ta rage.

To me ya hana? Na zauna da mutanen da suka yi aiki a meri, na ji dalilansu, kuma ba duka ne na banza ba. Bari in kawo su yadda aka faɗa mini.

Na farko suka ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma wanda ya ara ba ya tausayin abin da ba nasa ba. Za a kai mota da lafiya a maido ta a jaye, a bar mai ita da gyara. Wannan tsoro na gaskiya ne, duk wanda ya taɓa ba da aron moto ya san shi. Amma maganinsa ƙa'ida. Inji ya tafi da direbansa, kada a miƙa wa kowa makulli. Wanda ya ara shi ke zuba gazuwal, shi ke ciyar da direba. Kowace ranar aiki da ɗan kuɗin da za a zuba a asusun gyaran wannan inji, kuɗin da bai kai na ɗan kwangila ba amma ya isa canjin mai da taya. Bakanike ya duba kafin a tafi, ya duba bayan an dawo, a rubuta, shaidu su sa hannu. Kuma mu tambayi kanmu, motar da na gani ƙarƙashin bedi, da ba a ara wa kowa ba, an tsare ta ne? Ta fi lalacewa a tsaye bisa ga yadda za ta lalace a bakin aiki.

Na biyu suka ce kowa lokaci ɗaya yake buƙata, in damana ta faɗi duk hanyoyi tare suke yankewa. Wannan ma da ƙamshin gaskiya. Sai dai yawancin aikin da ya kamata inji ya yi, aikin rani ne. Zuba burji, gyaran bakin radiye, yashe tabki, kai duwatsun da za a ɗaure da raga a bakin ƙorama, kwashe juji kafin ruwa ya tura shi cikin gari, duk daga Nuwamba zuwa Mayu ake yin su. Wata bakwai ke nan. In aka zauna bayan girbi aka tsara wa zai karɓa a wane mako, inji ɗaya zai zagaya ƙananan hukumomi uku ko huɗu kafin ruwan farko. Da damana kuma a ajiye shi don gaggawa, a yarda tun da wuri cewa hanyar da ke kai wa likita ita ce gaba da kowace. Rigakafi ya fi magani, kuma wurin da ƙorama ta yanke mu, kowa a garin ya san tana cinsa kaɗan-kaɗan tun shekaru.

Na uku suka ce mai ba da tallafi sunan komin ɗaya ya rubuta a jikin motar, in ya zo bai gan ta ba za a shiga uku. Ai aro ba kyauta ba ne, mota na nan a matsayin ta mai ita, sunanta na cikin littafin dukiyarta. Kuma ni ban ga mai hankalin da zai ba da kaya don a yi aiki, ya zo ya tarar ana aiki da shi a garin maƙwabta da takarda a hannu, ya fi jin haushi bisa ga ya tarar da kaji na ƙwai a cikinsa ba. Nan gaba ma, duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu, a nemi a rubuta a ciki cewa maƙwabta na iya amfana.

Na huɗu suka ce wasu injinan sun tsufa, gyaransu ya fi hayar sabo tsada. Haka ne, kuma ba na cewa a zuba kuɗin talakawa a cikin gawa. Shi ya sa ƙidaya ta zama farkon aiki. A raba kayan kashi uku: mai aiki yanzu, wanda gyara kaɗan zai tayar, da wanda ya mutu. Wanda ya mutun ma yana da amfani, don taraktoci biyu matattu iri ɗaya sau da yawa suna tayar da guda. Muna da masu gyara. Akwai ACREMA a Tawa da ta daɗe tana ƙera kayan noma tana gyarawa, akwai cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumominmu da yara ke koyon kanikanci ba su da injin da za su taɓa, akwai tsofaffin direbobi da masu gyaran da suka ga zamanin Proje Keita, suna zaune a gida da ilminsu.

Akwai dalili na biyar da ba a faɗa mini ba, amma kowa ya san shi. Kayan da ba a rubuta ba, kayan da jama'a ba su san da shi ba, shi ne mai sauƙin ɓacewa. A bar mota ta kwanta shekara uku, a ce ta mutu, a yi gwanjonta a ɓoye da kuɗin tsohon ƙarfe, bayan wata biyu ka gan ta tana jigilar yashi a hannun wani. Ko tarakta da aka ce ba ta da lafiya in talaka ya nema, amma ta warke ranar da za a yi huɗar gonar wani babba. Ban ambaci kowa ba, kuma na san akwai ma'aikata masu tsoron Allah da yawa da abin ke ci wa tuwo a ƙwarya. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma rashin lissafi a fili shi ne tsagar. Ranar da aka manna jerin kayan kowace meri a bango, rabin wannan ɓarna ta mutu da kanta.

A da, in ka kawo wannan magana, sai a ce siyasa ce ta hana. Magajin garin nan ɗan wannan jam'iyya ne, na can ɗan waccan, ba zai ba shi inji ya gyara hanya ya ci zaɓe da ita ba. To, tun ranar 4 ga Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa shugabannin riƙo da muke kira AD. Hannu ɗaya ya naɗa su duka, ba mai jam'iyyar da zai kare, kuma da yawansu jami'an tsaro ne da suka fito daga gidan da ake ƙidaya komai ana rubutawa. Wancan uzuri ya faɗi. Idan akwai lokacin da za a iya zaunar da shugabanni 17 a ɗaki ɗaya su amince da abu ɗaya, yanzu ne. Sai dai akwai ɗaya gefen: tunda babu konseye da za su yi tambaya a madadinmu, dole idon jama'a ya maye gurbinsu. Shi ya sa nake nacewa a kan a yi abin a fili, kuma a rubuta shi yadda zai rayu ko bayan an koma zaɓe.

Kullum muna cewa zancen ƙasa ne, muna maganar dogaro da kai. Tun bayan 26 ga Yuli 2023 abokan hulɗa da dama sun dakatar da tallafinsu, iyakar Benin ta rufe, kaya na zagayowa ta Lome da Burkina kafin su iso, komai na inji ya ƙara tsada. A irin wannan hali, barin mota ta ruɓe saboda batir almubazzaranci ne da ba mu da halinsa. Mai cewa zai tsaya da ƙafarsa, ya fara sanin abin da ke cikin ɗakinsa.

Waɗanda suka fi mu kuɗi ma ba sa wannan sakaci. A Jamus, tun 1958 manoman yankin Bavariya suka fara haɗa kai suna juya injinan noma a tsakaninsu, mai tarakta ya yi wa mai injin girbi aiki, a yi lissafi a biya, kuma tsarin ya bazu ko'ina cikin ƙasar. A Faransa, wadda muka gaji fasalin komin daga gare ta, tun 1890 doka ta ba ƙananan hukumomi damar kafa haɗin gwiwa don aikin da ɗaya ba za ta iya ita kaɗai ba. Mun ɗauko komin, mun baro haɗin gwiwar a can.

Amma ba sai mun je Turai ba. A garuruwanmu mai shanun huɗa na yi wa maƙwabcinsa huɗa a biya shi da kuɗi ko da aiki. Amalanke ɗaya na yi wa gida biyar jigilar taki. Ku dubi ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maradi a 1991 suka bazu har ƙasashen waje. A garinmu irin waɗannan mata sun sayi manyan tukwane da tabarmi da kujeru, suna ba da haya ranar biki da suna, har garuruwan kusa ake zuwa ɗauka. Sun san tukunya nawa ta fita, wa ya ɗauka, yaushe za ta dawo, nawa za a biya in murfi ya ɓace. Yawancinsu ba su yi lakwal ba, kuma shekara da shekaru tukunya ɗaya ba ta salwanta ba. Abin da iyayenmu mata ke yi da tukunya, a ce meri mai sakatare da ma'aji da kwamfuta ta kasa yi da mota?

Ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda ke buƙatar kuɗin waje a ciki.

Ga shugabannin gundumomin Madawa da Buza da Keita, ranku ya daɗe: ku umarci kowace meri ta fitar da jerin kayanta cikin wata biyu, manya da ƙanana, daga katafila har benci, da halin da kowanne ke ciki da inda yake ajiye. Ma'aikatan jeni riral da masu gyara su duba da idonsu, kada a cika takarda daga ofis. A manna jerin a ƙofar meri, a karanta shi da Hausa da Tamajak da Fulatanci a gidajen rediyon karkara, a aika wa sauran ƙananan hukumomi kwafi.

Ga shugabannin riƙo: ku sa hannu a yarjejeniyar aro mai shafi ɗaya ko biyu, da harshen da kowa zai gane. Kowane inji da littafinsa, a rubuta inda ya je, kwana nawa, gazuwal nawa, wa ya karɓa. Kuɗin gyara ya shiga asusu daban da ba a taɓa shi don wani abu. Kada a yi gwanjon komai sai an fara tallata shi ga sauran ƙananan hukumomi 16 an ba su wata uku, kuma in za a yi gwanjon a yi shi a bainar jama'a ranar kasuwa. Ba dole ba ne duka 17 su fara rana ɗaya. Biyu maƙwabta su gwada da abu mai sauƙi, gurup ɗaya ko bencina talatin, sauran za su gani su biyo.

Ga sarakunanmu da malamanmu: ku ne kuka fi kowa sanin cewa dukiyar jama'a amana ce, kuma barin amana ta lalace a hannunka cin ta ne ko da ba ka kai ko dala gida ba. Ku faɗa a fada, ku faɗa a masallaci.

Ga mu talakawa da ƙungiyoyinmu na matasa da mata da manoma: mu daina cewa kayan gwamnati ne, ba ruwanmu. Da lanhonmu aka saya, ko da sunanmu aka roƙo. Duk wanda wata buƙata ta kai shi meri, ya zagaya baya ya duba, ya yi tambaya cikin ladabi, ya rubuta abin da ya gani ya kai wa ƙungiyarsa. Ba zagi, ba ƙazafi, ba ɗaukar hoton mutane a watsa. Kuma in an ara wa garinmu inji, mu kula da shi kamar namu, don ranar da muka maido shi a lalace mun rufe ƙofa ga garuruwa goma.

Hanyar garinmu an gyara ta da rani. Ƴan uwanmu da ke Abijan da Legas suka aiko da kuɗi, muka ƙara da namu, muka yi hayar motar wani ɗan kasuwa ta kawo duwatsu kwana huɗu. Abin da muka biya shi ya sayi batir da taya biyu ya bar canji mai yawa. Da na sake bi ta waccan meri kafin azumi, motar na nan inda na bar ta, sai dai yanzu madubi ɗaya ya tafi. Na gaida Baba mai gadi, ya gane ni, ya ce, "Ɗana, har yanzu ba ku zo kun tamɓaya ba?"

Ban sami abin ce masa ba. Wata damana na tafe, kuma a garuruwanmu akwai matan da watan haihuwarsu zai faɗo a Agusta. Mu je mu tambaya tun yanzu.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ba mu damana mai albarka, ya zaunar da Nijar lafiya. Amin.